Kokon Da Ke Zubewa Da Safe

Tun da na samo digirin digirgir mutanen garinmu suka laƙaba mini Likita, na kuma gaji da bayanin cewa ni malamin aji ne, aikina koyar da yadda gaɓoɓin jikin ɗan Adam ke aiki, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba. Bayanin ba ya shiga. Duk ranar da na sauka Wurno sai zaure ya cika da mai ciwon baya da mai hawan jini, ni kuwa in yi ta nuna musu hanyar asibiti. Amma akwai wani ƙorafi da aka kawo mini shekarun baya, wanda ko mai kawo shi ba ta ɗauke shi ciwo ba, na yi sakaci da shi, har yau abin yana ci mini rai.

Yayata ce ta kawo ƙarar ɗanta, yaro ɗan shekara goma sha biyar. Ta ce, “Ka yi wa ɗan nan naka faɗa. Kullum safiya sai ya ɓarar da koko. Jiya buta ya saki yana alwalar asuba. In an yi magana ya ce hannun ne ya fizge.” Na dubi yaron, ƙosasshe, ba rama ba zazzaɓi, na yi dariya na ce rawar kai ce ta samartaka, za ta wuce. Shi dai ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Kawu ba da gangan nake yi ba.”

Bayan 'yan watanni, cikin azumi, ya kwana biyu yana ban ruwan albasa a fadama, ga tashin sahur. Da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a bakin magudanar ruwa, jikinsa ya sandare, sannan ya shiga jijjiga. Allah Ya sa mai gonar maƙwabta yana kusa, ya janye shi kafin fuskarsa ta nutse. Ranar ce dangi suka fara furta kalmar farfaɗiya, a hankali, kamar masu tsoron kada bango ya ji. Alhali ciwon ya fi shekara yana sallama a ƙofar gidan kowace safiya.

Abin da ya sa muka kasa gane shi, har da ni da nake karantar da wannan fanni, shi ne jikin mutum ma'abocin fizge-fizge ne, kuma mafi yawansu ba komai ba ne. Kowa ya san zaburar da ke zuwa daidai lokacin da barci ke ɗaukar mutum, ka ji kamar ka taka rami, ƙafa ta harba, ka farka. Wannan lafiyayyu ma suna yi, gajiya da yawan shayi kan ƙara shi. Kowa ya san rawar fatar ido, wadda tsofaffinmu ke fassarawa da zuwan baƙo ko jin wani labari, alhali galibi ƙarancin barci ne da gajiya. Shaƙuwa ma fizga ce, ta tsokar da ke ƙarƙashin huhu. Sai kuma ɗaurewar jijiya, wadda manomin da ya wuni a duƙe yana dashen shinkafa ya fi kowa saninta: cikin dare sharaɓa ta murɗe, ta yi tauri kamar dutse, ga zafi mai sa babba ya yi ƙara, har sai an miƙe ƙafar an lanƙwasa yatsun sama sannan ta saki. Mata masu juna biyu da tsofaffi su ma suna fama da ita.

Ɗaurewar jijiya a gaɓa take farawa, a gaɓar take ƙarewa. Tana da zafi, tana riƙe wuri guda, tana ɗaukar daƙiƙoƙi har zuwa mintuna, ka taɓa ka ji taurin, kuma miƙewa da matsa suna kawo sauƙi. Fizgar farfaɗiya kuwa daga ƙwaƙwalwa take fitowa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan lantarki, kowanne a kan ƙa'idarsa. Idan tarinsu suka saki wutar gaba ɗaya ba bisa tsari ba, sai umarnin ya sauka a gaɓoɓi kamar walƙiya. Ba ta da zafi. Ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba. Yawanci kafaɗu da hannaye biyu take kamawa tare, su yi sama ko su watsa, abin da ke hannu ya yi tsalle, wani lokaci gwiwoyi su saki. Mutum yana cikin hayyacinsa, ya san abin da ya faru, sai dai ba shi da ikon hana shi, shi ya sa ake ɗora masa laifin garaje. Babbar alama kuma ita ce lokaci. Zaburar lafiya tana zuwa ne a ƙofar shiga barci, wannan kuwa bayan an farka take zuwa, cikin sa'a ta farko ko ta biyu, idon mutum biyu, yana alwala ko yana karin kumallo, ta zo sau ɗaya ko ta jero, kuma ta fi tsanani a safiyar da ba a ƙoshi da barci ba.

Wannan nau'i ba sabo ba ne a wajen masana. Wani likita ɗan ƙasar Siwizalan, Théodore Herpin, ya siffanta shi a littafinsa da aka buga a 1867, sannan a 1957 Dieter Janz da abokin aikinsa Walter Christian suka yi masa cikakken bayani a Jamus, har ake kiran ciwon da sunan Janz. Ya fi farawa tsakanin shekara 12 zuwa 18, kuma ana ƙiyasta shi da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu farfaɗiya. Mafi yawan masu shi wata rana babbar faɗuwa takan same su, amma sau da yawa ƙananan fizge-fizgen sun riga ta da watanni ko shekaru. Wato akwai tazarar da za a iya tarar abin, in da mai lura.

A ƙasarmu ta gabashin Sakkwato wannan tazara tana iya zama tsakanin rai da mutuwa, domin rayuwarmu a bakin ruwa take. Daga madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, zuwa fadamun Wurno da na Rabah, yaro ɗan shekara sha biyar ko yana cikin kwalekwale, ko yana tsaye a magudana, ko yana kan babur ɗauke da buhun albasa; yarinya tsararsa tana gaban murhu ko a bakin rijiya. Faɗuwar da za ta zama ƙujewar gwiwa a tsakar gida, a cikin ruwa mai kai wa ƙugu ajali ce. Ga kuma abin da ya fi tayar da ciwon, rashin barci, ya zama abincinmu: ban ruwan dare, karatun jarrabawa, kallon waya har tsakar dare, da kwanan zullumi a ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba. A nan ma sai an bambance. Yaron da ke firgita in ya ji rugugin babura da dare tsoro ne ke zaburar da shi, yana da dalili a bayyane, kulawar da yake buƙata daban ce.

Kuskuren yana da fuska ta biyu, kuma ita ma na gan ta. A wani ƙauye na ƙasar Rabah saura ƙiris a fasa auren wata yarinya, don wata daga dangin ango ta kwana ɗaki ɗaya da ita ta ga ƙafarta ta harba cikin barci. Kafin azahar magana ta zaga gari. Ba abin da ke damun yarinyar. Mun bar mai ciwo ba magani, mun ɗora wa mai lafiya tambari, duk saboda kalma ɗaya da muke tsoro fiye da yadda muka san ta. Ko da ma ciwon ne, ba ya hana aure ko haihuwa ko karatu, kuma ba a ɗaukarsa ta yawu ko kumfar baki ko cin abinci a kwano ɗaya.

Na san mai karatu zai ce ina batun iska. Ba na jayayya da addu'a, yayata ma ta yi ta, na kuma taya ta. Amma malaman Musulunci da kansu ba su jingina kowace faɗuwa ga aljanu ba; Ibnul Ƙayyim ya kasa ta gida biyu, ya ce ɗaya daga jiki take, kuma ita ce likitoci ke magana a kanta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Jikokin almajiransa ba su da hujjar gudun asibiti.

Sai dai zuwa neman magani ma yana da tarko, kuma mun faɗa ciki. Bayan faɗuwar yaron, wani mai kantin magani ya ba shi kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol. Magani ne nagari ga wasu nau'o'in farfaɗiya, amma a wannan nau'in, shi da fenitoyin suna iya ƙara fizgar. Haka kuwa aka yi, koko ya riƙa zubewa har sau uku a zama ɗaya. Mai kantin bai tambayi safiyar yaron ba, mu ma ba mu faɗa ba, don ba mu ga alaƙar buta da faɗuwa ba. Sai da muka kai shi Sakkwato, wata likitar ƙwaƙwalwa ta dube shi ta ce, “Kana sakin abu daga hannunka da safe?” Yaron ya waiwayo ya kalle ni. Ban taɓa jin kunyar digirina irin ta ranar ba. Aka yi masa gwajin EEG, na'urar da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwa a takarda, aka sauya masa magani zuwa balfurowet. Shi ma wannan ba na saye a kanti ba ne: yana iya illata ɗan tayi, don haka ga 'yan mata da matan aure likitoci sukan nemi wani, kamar lebetirasitam.

Iyaye mata su riƙe wani abu game da jarirai. Jinjirin da ke fizga cikin barci kawai, in an tashe shi ya daina, yawanci lafiya lau yake. Amma ɗan wata uku zuwa shekara da ke dunƙulewa farat ɗaya, kai ya faɗo gaba, hannaye su watsu, ya jera haka sau da yawa bayan ya farka, wannan ba ciwon ciki ba ne kuma ba na jira ba ne. Wani likitan Ingila, William West, a kan ɗansa na cikinsa ya fara bayyana shi a 1841, kuma jinkirin magani yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gane ciwon an ba su maganin da ya dace. Ƙwararrunmu suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kuma ba kowane ɗan Goronyo ke da kuɗin mota da na gwaji ba. Amma tambayar da likitar nan ta yi ba ta cin ko kwabo. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye ita, a kuma sanar da malaman makarantun kwana da na allo, waɗanda su ne ke ganin yara da asuba. Wanda ke da waya mai kyamara ya ɗauki fizgar in ta zo, ya rubuta ranar da lokacin da yadda aka kwana, ya tafi da su asibiti. In kuwa babbar faɗuwa ce, a kawar da wuta da ruwa, a kwantar da mutum ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. In ta wuce minti biyar a nemi mota.

Yaron yanzu yana shan maganinsa safe da dare, kuma likita ta gaya masa mai yiwuwa ya daɗe yana sha. An ɗauke masa ban ruwan dare, ba ya shiga gulbi shi kaɗai. Abin da ya rage mana shi ne kuɗin maganin, wanda ke hawa kusan duk lokacin da na je saye, da kuma yayata, wadda har yanzu in maƙwabta sun tambaya sai ta ce maganin ƙarin jini yake sha.