Kafin Ka Hau Jirgin Italiya, Fara Koyon Harshen Tun Daga Gida



Mu mutanen Tsibiri da Bakura da Maradun, sunan Italiya ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kamfanin Impresit na ƙasar ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka kammala a 1978, kuma har yau da ruwanta muke noman rani. A wancan lokaci su suka zo mana. Yanzu matasanmu ne ke neman zuwa can karatu, saboda kuɗin jami'o'in gwamnatinsu bai kai na Ingila ba. Ra'ayina shi ne, duk mai wannan niyya ya fara koyon Italiyanci tun yana gida, ko da ba shi da kuɗin biyan malami. Tun ran gini, tun ran zane.

Wani zai ce ai da Turanci za a koyar da kwas ɗinsa. Gaskiya ne, amma Turancin a cikin aji zai tsaya. Cikin kwana 8 na aiki da saukarka dole ka nemi takardar izinin zama, ka karɓi fom a gidan waya, daga baya ka je ofishin 'yan sanda. Ga yarjejeniyar hayar ɗaki, ga ganin likita, ga neman ɗan aikin da za ka riƙe kanka. Wanda ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ya miƙa wuyansa ga mai fassara. Idan kuma da Italiyanci ake koyar da kwas ɗin, yawanci sai ka kai matakin B2.

Abin farin ciki, kunnen Bahaushe ya riga ya ci rabin tafiya. Yadda muke bambance baba da babba, haka suke bambance nono, wato na tara, da nonno, wato kaka namiji. Sunayensu ma suna da jinsin namiji da tamace kamar namu, kuma galibi yadda aka rubuta kalma haka ake furta ta. Mai jin Turanci kaɗai yakan sha wahala a waɗannan wurare, mu kuwa da su muka tashi.

Game da kuɗi, wayarka ta isa ka fara. Manhajar Duolingo kyauta ce, rediyon RAI yana intanet, darussan YouTube kuma ka sauke su da datar dare mai rahusa. Sayi littafin rubutu, ka riƙe kalmomi 10 kullum. Cikin wata shida ka tara 1,800. Kuɗin ka ajiye su don jarrabawar shaida, CILS ta Siena ko CELI ta Perugia, kada ka biya sai ka shirya.

Bayan ka isa, nemi makarantun yaƙi da jahilci na gwamnati da ake kira CPIA, kuɗin rajistarsu kaɗan ne. Yanki katin laburaren gari. Sannan kada ka maƙale cikin 'yan Najeriya kawai, don kuwa zaman hira da 'yan gida daɗi gare shi, amma ba ya buɗe baki.

A ƙarshe, ga abin da ya shafe mu marubuta. A jami'ar L'Orientale da ke Napoli ana koyar da Hausa, har Farfesa Sergio Baldi ya wallafa ƙamusun Hausa da Italiyanci. Sun ɗauki harshenmu da muhimmanci. Saboda haka mai koyon nasu a cikinmu ya riƙa fassara ɗan gajeren labari zuwa Hausa duk mako. Harshen zai zauna masa, alƙalaminsa zai ƙara kaifi, adabinmu kuma ya samu ƙari.

Allah Ya ba mai nema sa'a. Sai mun haɗu mako mai zuwa.