Turbo Cikin Kwali: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

A makon nan filinmu zai taɓo wata sha'awa da ke ɗibar masu motoci, watau ɗaura wa injin turbo a gida. Ana sayar da kayan cikin kwali guda, tare da alkawarin cewa mutum da sifanarsa zai gama aikin tsakanin Asabar da Lahadi. Ni dai ban yarda ba, domin abin da ba ya cikin kwalin ya fi abin da ke ciki yawa da tsada.

Shi turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ta biyun kuma tana ɗura wa injin iska da ƙarfi. In iska ta ƙaru sai a ƙara mai, ƙarfin mota ya daɗu. Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Sandar nan takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya.

Wahala takan soma tun daga kwance bututun hayaƙi. Notunansa sun sha wuta shekara da shekaru, tsatsa ta cinye su. Da an matsa sai ɗaya ya karye a cikin kan injin, aikin awa guda ya koma na kwana uku. Kana ga bututun da aka ce an auna shi daidai da motarka, sai ka tarar ya ci karo da lagireto ko batir, dole a nemi mai walda.

Sa'an nan ga batun baƙin mai, wanda shi ne ran turbo. Ana jawo masa mai ta siririn bututu, amma komawarsa ba famfo ke yi ba, gangarowa yake yi da kansa. Saboda haka tilas a huda kaskon mai na ƙasan injin, kuma hudar ta zauna sama da inda mai ke tsayawa. In aka kuskure, mai ya taru cikin turbo ya tsiyaya salansa, mota ta riƙa tafiya da shuɗin hayaƙi kamar ana gashin tsire. Wanda ya yi ƙyuya ya huda kaskon ba tare da ya cire shi ba kuwa, ya bar wa injinsa garin ƙarfe a cikin mai.

To, duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babbar magana ita ce injin da ba a ƙera shi domin turbo ba. Iskar da aka matse takan yi zafi, kuma zafin nan tare da matsi yakan sa fetur ya fashe kafin lokacinsa. Direba zai ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, alhali kuwa fistin ne ke shan duka, har ya kai ga tsagewa ko narkewa. Maganinsa shi ne na'urar sanyaya iska, da nozul masu ba da mai da yawa, da sake saita kwamfutar mota a hannun gwani. Wannan saiti ba aikin ƙofar gida ba ne. In an tsallake nan, sai kuloci ya soma sulɓewa, don ba a yi shi domin wannan ƙarfi ba.

Kada wani ya zaci rashin iyawa ne kaɗai. Kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fito da mota Jetfire mai turbo a 1962, da injiniyoyinsa da kuɗinsa. Don a hana fashewar nan sai da aka sa mata tanki na musamman mai ruwa haɗe da sinadarin metanol. Masu motar suka riƙa mantawa da cika shi, ƙarfi ya ragu, ƙorafi ya yi yawa. Bayan 1963 aka daina ƙera ta, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire wa masu so turbon yana maida musu kafireta irin ta kowa.