Hutun da muke ba iyayenmu mata yana cinye ƙarfinsu

A biranenmu, daga Maradi har Damagaram, da zarar ɗa ya samu abin hannunsa ya kawo suruka gida, sai ya hana tsohuwarsa taɓa komi. Ba daka, ba ɗibar ruwa, ko buta sai jika ya miƙo mata. Muna kiran wannan biyayya, kuma lalle niyyar mai kyau ce. Amma bayan ƴan shekaru sai a ga Hajiya ba ta tashi daga tabarma sai an kama ta, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga kuɗin magani kowane wata.

Likitoci sun san dalili. Mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci, tsokar jiki ce ke shanye shi. Tsoka kuwa tana fara raguwa bayan shekara 30, raguwar ta ƙara sauri bayan 60. Ga mace abin ya fi tsanani: in haila ta ɗauke, kitse yakan koma taruwa a ciki, ƙashi ya yi rauni, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru. Tsokar da ba ta aiki tana ƙanƙancewa, sai sugan tuwo da fura ya daɗe cikin jini yana lalata jijiyoyi da ƙoda.

Wasu za su ce ai tsufa ne, ba ya da magani. A 1990, likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi maza da mata masu shekara 86 zuwa 96, a wani gidan kula da tsofaffi na Boston a Amurka, ɗaga nauyi da ƙafa har mako 8. Ƙarfin ƙafarsu ya ninka fiye da sau biyu. A 2020 kuma hukumar lafiya ta duniya OMS ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiya a ƙasa. Irin wannan aiki yana taimaka wa jiki sarrafa suga, yana kuma ɗan sauke hawan jini, ko da yake ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Ba sai an je ɗakin motsa jiki irin na Yamai ba. Zama kan kujera da tashi sau 10, tura bango da hannu biyu, ɗaga bido mai lita 2 ko 3 na ruwa, duk cikin tsakar gida da mayafinta. Sharaɗi dai kada ta riƙe numfashi lokacin ɗagawa, don yana haura da jini nan take, kuma mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani ta fara ganin likita.

Ba da tsohuwar ƙauye muke ba, wadda har yanzu take ɗauko itace da ka. Ita abinci mai gina jiki, wake da nono da gyaɗa, ta fi buƙata.

A ganinmu, ma'aikatan CSI da ke auna jinin tsofaffi ya kamata su riƙa nuna musu waɗannan motsi, ba takardar magani kawai ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, suna taruwa kowane mako don zubin asusu. Minti 15 kafin a buɗe akwati ya isa a yi wannan aiki tare.