Ba Rashin Iyawarmu Ne Ke Yanke Hoton Ba

Duk wanda ya ce wa mutumin Makoɗa ko na Tsanyawa wai rashin iya sarrafa waya ne ke sa hoton talabijinsa yankewa, ya zalunce shi. Na gaji da jin wannan magana. Magidanci ya sayar da gero ko wake, ya shiga Kano ya sayo talabijin mai haɗuwa da waya, ya zuba data, iyali su taru bayan isha'i don su kalli Labarina ko Izzar So, ko su saurari tafsiri kai tsaye daga birni. Ba a jima ba hoto ya daskare, 'yar da'irar nan ta kama juyawa a tsakiyar allo, murya ta wuce ta bar baki a baya, can sai haɗin ya tsinke gaba ɗaya. Ya koma wurin wanda ya sayar masa, a ce: "Baba, ai saitin ne ba ku iya ba." Ya kira kamfanin layinsa, bayan dogon jira a ce ya kashe waya ya kunna. Data kuwa ta riga ta tafi, kuma ba mai dawo masa da ko sisi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, gano mai laifi ba wuya gare shi, amma ba wanda ke son ya koya wa mutane. Hanya biyu hoton yake bi kafin ya iso allo: daga ƙarfen sabis zuwa gidanka, sannan daga wayarka ko 'yar na'urar rarraba intanet zuwa talabijin. Ka samu fim ɗin da masu turi suka zuba maka a waya, ka kashe data, ka haska shi a talabijin. Idan ya tafi sumul har ƙarshe, to waifai ɗin gidanka lafiyarsa ƙalau, cutar daga waje take. Idan shi ma ya yanke, sai ka duba cikin gida. Wannan gwaji ba ya cin kobo, kuma mai shago zai iya nuna shi kafin a gama ƙirga masa kuɗi. Ba ya nunawa, domin cewa "ba ku iya ba" ta fi masa sauƙi, kuma ya san ɗan ƙauye mai kunya ne, ba zai tsaya musu a tsakiyar kasuwa ba.

Ban ce babu abin gyara a cikin gida ba. Akwai, sai dai ba irin wanda ake karantawa a shawarwarin mutanen birni ba ne. Su damuwarsu cunkoson waifai na maƙwabta, irin na Fagge ko Sabon Gari inda na'urori suka yi yawa har suna danne juna, sai a ce mutum ya canja tasha zuwa 1 ko 6 ko 11. Mu nan ƙalilan ne ke da na'urar. Abin da ke tare mana hanya katangar ƙasa ce mai kauri, musamman in ta sha ruwan damina, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Mutum ya rataye na'urar a tagar zaure don ta kamo sabis, talabijin kuwa yana can ɗakin uwargida bayan katanga biyu. Dole haɗi ya yi rauni. A ɗaga ta sama, a kusanto da ita. Zangon waifai na 5 ya fi sauri amma ba ya jure ratsa bango, zangon 2.4 ya fi nisa amma ya fi jinkiri, don haka in ɗaki ɗaya suke a zaɓi na farko, in da katanga a tsakani a koma na biyu. Zafin bazara ma yana sa waya ta rage ƙarfinta da kanta don kada ta ƙone, balle a ce ita ke karɓo intanet, ita ke rarraba shi, ita kuma ke haska allo, tana jone da caji. Gara a buɗe YouTube a talabijin ɗin kansa, a bar wayar da aiki ɗaya. A kashe tsarin tattalin batir, don shi ke rufe haɗin da zarar allon waya ya mutu. A sauke ingancin hoto zuwa 480. YouTube da kansa ya ce wannan mataki yana buƙatar abin da bai fi megabit ɗaya da ɗoriya a daƙiƙa ba, 1080 na buƙatar 5, 4K kuwa 20.

A nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan kasuwarmu. Ka san mutum daga ƙauyen Minjibir ya zo, ka san irin sabis ɗin da ke can, amma ka cusa masa akwatin talabijin mai rubutun 4K ɓaro-ɓaro, ka ƙara masa kuɗi saboda rubutun. Da yawan akwatunan nan masu araha zangon 2.4 kawai suke kamawa. Wannan ba ciniki ba ne, ha'inci ne, kuma Musulmi ya san hukuncin ɓoye aibin haja.

To, an gyara na cikin gida, an yi duk abin da aka ce, hoto bai daina yankewa ba. Saura wa?

Mutane suna ganin sandunan sabis sun cika a waya su ɗauka komai daidai ne. Sandunan nan ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba su nuna yawan waɗanda ke rabon ta ba. Ƙarfen sabis kamar rijiyar gari yake: da hantsi ka ja guga a cike, da yamma kowa ya zo, sai a koma kwarfa. Shi ya sa abin da ke tafiya lafiya da asuba yake gagara da ƙarfe tara na dare. Wannan ba saitin waya ba ne, ƙarancin jari ne. Ƙarfe ɗaya aka ɗora wa ƙauyuka rututu, da dizal yake aiki saboda ba wutar da za a dogara da ita, kuma in man ya ƙare ko aka sace batir sai gari ya yi tsit. Wutar gida ma haka. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, yankinmu yana hannun KEDCO. A Afrilun 2024 aka yi wa 'yan rukunin A na masu amfani da wuta alƙawarin awa 20 a rana bisa sabon farashi, alhali mafi ƙanƙantar rukuni awa 4 aka rubuta masa. In wuta ta zo rabi-rabi, talabijin ya mutu ya tashi, haɗi ya tsinke, sannan a ce laifin waifai ne.

Ba roƙo muke yi ba, alƙawari aka yi mana a rubuce. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce za a kai megabit 25 a birane, 10 a karkara. Da megabit 10 ta tabbata, da iyali sun kalli hoto tangaram ba yankewa. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, don kai sabis wuraren da kamfanoni ke ganin babu riba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, da hujjar cewa za a inganta aiki. Ƙarin ya iso Danbatta a ranar da ya isa Legas, kuɗin gigabait ɗaya ne a Bichi da Maitama ta Abuja. A biya tare, amma a sha daban? An ƙaddamar da 5G a manyan birane tun 2022, mu kuwa da dare wayoyinmu komawa 3G suke yi.

Kada a kawo mana zancen wai karkara ba mutane. Wannan ba daji ba ne. Daga Ungogo zuwa Danbatta gona ta haɗe da gona, ba ka fita wani ƙauye sai ka hango na gaba. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazari a kan wannan yanki saboda yawan jama'arsa da yadda ake noma ƙasarsa duk shekara ba hutu. Kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa take. Masu saye suna nan, kuɗi suna fita daga nan kullum.

Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya, nan da nan sanarwa da ban haƙuri suka yi ta fitowa. Abin da birni ya ɗanɗana na 'yan kwanaki shi muke sha kowane dare, ba wanda ya taɓa ba mu haƙuri.

Wani zai ce ai fim ne kawai. Sabis ɗin da ya kasa ɗaukar fim shi ne ke riƙe kuɗin mai POS a hanya, shi ke yanke darasin yarinyar da ke shirin JAMB, shi ke katse uwa tana magana da ɗanta da ke neman abinci a Kudu ko a Saudiyya. Kuma ko da fim ɗin ne, manomin da ya wuni a rana yana da haƙƙin ya huta da abin da ya biya.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisar da muka tura Abuja su nemi NCC ta auna saurin intanet a kowace mazaɓa ta arewacin Kano, da ƙarfe tara na dare, ba da hantsi ba, ta buga sakamakon kowa ya gani. Mu kuma, duk wanda ya yi gwajin nan ya tabbatar cutar daga waje take, ya fara kai ƙara ga kamfaninsa ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a gyara ba ya kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, ya faɗi sunan ƙauyensa da lokacin da sabis ke faɗuwa.