Amshi Ba Karatu Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Akurba, gefen garin Lafiya, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irinta.

Aji uku aka ba ni. Kwana huɗu ina rubuta 1/2 da 1/3 da 1/4 da 1/8 a allo, ina faɗa, yara suna amsawa har rufin kwano yana ɗauka. Na ce a raina, lalle na iya aiki. Ran Jumma'a sai ga malaminmu mai duba mu. Ya ta da wata yarinya ya ce, "Da 1/4 da 1/8, wanne ya fi yawa?" Ta ce 1/8, domin takwas ta fi huɗu. Ya tambayi na biyu da na uku, duk bakinsu ɗaya. Ni kuwa ina tsaye, gumi ya karyo mini.

Yarinyan nan ba ta da laifi. Shekara biyu ana gaya mata takwas ta fi huɗu, ba wanda ya nuna mata lambar ƙasa yawan masu rabo ce, in kuwa masu rabo suka yi yawa, rabon kowa sai ya ƙanƙance. Alhali a gida ta san haka sarai, gama ta san bambancin kwanon tuwo na mutum huɗu da na mutum takwas. Laifina ne. Ni makarantar mishan na yi, da amshi muka koyi biyu sau biyu, na kuwa ɗauko abin da aka yi mini na yi musu.

Ran Litinin na sayi rake biyu masu tsawo ɗaya, na yanka ɗaya gida huɗu daidai, ɗaya gida takwas. Na ce wa yarinyar ta ɗauki guntun da ta ke so. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗauki na gida huɗu. Sa'an nan ne na rubuta 1/4 a allo. Can wani yaro ya ce, "Malam, ai rubu'in kankana ya fi rabin lemo." Gaskiyarsa, kuma shi ya koya wa ajin ba a gwada kashi da kashi sai abin da aka raba girmansa ɗaya ne. Gani ya kori ji.

Kakanninmu ma da hannu suka koya. Kafin a kawo naira a 1973, sule kwabo 12 ne, sisi rabinsa, taro rubu'insa, ahu sumuninsa, ba kuwa 'yar tallar da za ka ba ahu maimakon taro ta yarda. Abin ba wasa ba ne. A rabon gado na Musulunci mace tana samun rubu'in dukiyar mijinta in bai bar 'ya'ya ba, sumuni in ya bari. Yarinyar da ta tashi tana tsammani 1/8 ta fi 1/4, da wane ido za ta duba haƙƙinta?

Da na juya wajen karatu, sai na tarar da ciwon nan dai. Hausa yadda a ke faɗinta haka a ke rubuta ta, yaro ya iya ba, be, bi, bo, bu, ya kama hanya. Turanci kuwa yana da waɗansu ƙananan kalmomi, kamar the da said da one, waɗanda su ke cika kowane shafi, amma rubutunsu bai bi lafazinsu ba, sai yaro ya saba da su har ya gane su da kallo ɗaya. Wani malami a Amurka, Edward Dolch, ya tara irin kalmomin nan masu yawan zuwa guda 220 a 1936. Yarana suna rera nasu daga allo tun daga sama har ƙasa, amma da na nuna ta tsakiya ita kaɗai, sai aji ya yi tsit. Watau jerin suka haddace, ba kalmomin ba. Na yayyanka kwalin sukari, kowace kalma da katinta, ina cuɗa su, ina kiran yara ɗaya ɗaya. Kalma uku a mako ta ishe mu, kowace kuwa sai mun sa ta cikin magana, mun kuma neme ta cikin littafi.

Na san wani zai ce aji ya cika, kayan aiki babu, manhaja kuma ba ta jira. Haka ne, ni ma ban gama tawa ba. Amma karan dawa da tsohon kwali ba su cin kuɗi, yaro biyar a rana kuwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Ina amfanin gama manhaja a bar yara a baya?

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun ji aji ya ɗauki amshi, kada daɗi ya ruɗe ku. Ku ta da wanda ya ke can baya, ku tambaye shi shi kaɗai, tun mai duba ku bai riga ku ba.