Gyaran Gangar Auzinawa: Yadda Ake Kashe Injin Hilux da Sunan Ƙara Masa Ƙarfi

Duk wanda ya sayi a-kori-kura ƙirar Hilux don zirga-zirgar yau da kullum, da wuya ya shekara bai ji shawara biyu daga bakin bakanike ba: a cire tamostat don mota ta daina zafi, a fasa salansa a fitar da "indomi" don inji ya sami numfashi. Ana faɗin su da tabbacin wanda ya gaji sana'a, mai mota kuwa, ko da likita ne ko lauya, sai ya gyaɗa kai ya biya. Shawarwarin nan biyu ɓarna ce, kuma mai motar ne ke biyan kuɗinta a gidan mai kowane mako.

Hujjar masu cire tamostat ita ce wai an ƙera shi ne don ƙasashen sanyi, ba don Kano ko Maiduguri ba, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Yawancin Hilux ɗin da ke yawo a duniya a Tailan da Afirka ta Kudu ake haɗa su, kuma ana sayar da su a Saudiyya da tamostat ɗinsu a ciki. Zafin gari daban, zafin inji daban. Injin fetur mai lita 2.7, wanda Toyota ke kira 2TR-FE, an tsara shi ya yi aiki ne ruwansa na sama da digiri 80, wato ninki biyu na zafin bazara mafi tsanani. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a jikin inji har ya kai kimanin digiri 82, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto.

Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da sanyin safiyar hunturu ko a doguwar hanya. Kwamfutar motar tana karanta zafin ruwa, kuma muddin ta ga inji da sanyi, za ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima. Rarar man da bai ƙone ba yana wanke bakin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Ring da fistan suna cin juna a hankali, fulogi yana yin baƙi. Akwai kuma abin da masu cirewar ba sa faɗa: a injuna da yawa, tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa bai huce ba, sai motar da aka yi wa "maganin zafi" ta tafasa a kan hawa da kaya a bayanta.

Gaskiya ne wani lokaci mota na daina tafasa da zarar an cire shi. Dalili shi ne tsohon ya maƙale a rufe, kuma maganinsa a sa sabo. Sau da yawa ma laifin na wani wuri ne: lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya da aka yi ta ɗura masa maimakon ruwan sanyaya inji, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi. Wannan ɗan murfin shi ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya ɗaga ma'aunin zuwa wajen 120. Bakaniken da bai duba waɗannan ba, ya kai hannu ga tamostat, alamar cuta ya ɓoye, cutar na nan.

Batun indomi ya fi muni, domin akwai kuɗi a ciki. Wannan saƙar zumar da ke cikin salansa tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinum da faladiyum da rodiyum, waɗanda ke sauya iskar kabon mai guba da ɗanyen fetur zuwa hayaƙi mai sauƙin illa. Ana sayen tsohuwarta da daraja. Saboda haka ya kamata mai mota ya tambayi kansa dalilin da ya sa wanda ya ce abin ba shi da amfani bai taɓa miƙo masa shi a leda ya tafi da shi gida ba. Indomi mai lafiya ba ta rage wa inji wani ƙarfin da direba zai ji a ƙafarsa. Wadda ta toshe tana shaƙe inji, babu musu, amma me ya toshe ta? Ɗanyen fetur da bakin mai da ke ƙonewa, wato ainihin abin da cire tamostat ke haifarwa. Gyara na farko ne ke jawo na biyu, kuma kowanne da kuɗin aikinsa. Ƙarar da salansa ke yi bayan an fasa ta ita ake ɗauka ƙarfi, alhali hayaƙin yana komawa huhun 'yan talla da masu babur da ke tsaye a cunkoso.

A zamanin da fetur ke da araha, ana iya haɗiye wannan asara ba a ji ba. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da inji mai sanyi ya sha a banza tana fitowa ne daga kuɗin cefane da na makarantar yara.

Mai neman ƙarfi a motar da yake hawa kullum, ya fara da dawo da wanda aka ƙera ta da shi. Matatar iska da ƙurar hunturu ta cika tana hana inji numfashi, kuma busa ta da iska ba ya mayar da ita sabuwa. Bakin mai ya zama mai kaurin da littafin motar ya ambata, domin na'urar VVT-i da ke daidaita buɗewar bawul da matsin mai take aiki, kuma mai kauri da yawa yana jinkirta isarsa sassan inji da safe. A sa fulogi na asali, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a bar fanka ta yi aiki yadda aka tsara ta. Idan fitilar gargaɗi ta kama, a jona na'urar bincike a karanta abin da kwamfuta ke faɗa, kada a cire ƙwan fitilar.

Kanikawan ƙasar nan suna da basirar da ke raya motocin da wasu ƙasashe suka jefar, kuma da yawansu abin da suka tarar a gareji suke maimaitawa. Nauyin ya fi hawa kan mai ilimin da ke karanta kwangila shafi hamsin kafin ya sa hannu, amma bai taɓa buɗe littafin motar da ya kashe miliyoyi a kanta ba. Kafin ya amince a cire wani abu daga injinsa, ya nemi a nuna masa abin da ya lalace, a kuma ba shi tsohon a hannunsa.