ABOKIN TAFIYA KAFIN HANYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai ɗalibi ne ko mahaifi, ina so in ba ka labarin wata wauta da na tafka da kuɗina, domin ka samu darasinta kyauta.

A watan Janairu na shekarar 2023 Allah Ya nufe ni da zuwa ƙasar Maroko tare da wasu 'yan'uwa malamai, muka sauka a birnin Fas. To, tun a gida na sha ganin hotunan wasu tantuna na alfarma da ake kafawa cikin rairayin Sahara kusa da ƙauyen Marzuga, dab da iyakar Aljeriya, ga gado ga darduma ga fitilu, ga taurari birjik a sama. Sai zuciya ta ce mini: kai da kullum kana cikin hayaniyar yara, je ka kai kaɗai ka huta. Na ɓoye wa abokan tafiyata, don kada wani ya ce zai bi ni. Na biya kuɗin kwana biyu, abin da ya kusa albashina na wata biyu, alhali kuwa na bar rufin ɗakin mahaifiyata yana jiran gyara kafin damina.

Mota ta kwana tana tafiya da mu, muka ƙetare duwatsun Atlas, sa'an nan aka ɗora ni kan raƙumi zuwa sansanin. Gaskiya tuddan rairayin nan abin kallo ne, wasunsu sun kai mita 150. Amma fa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Shirun da na saya ban same shi ba, domin da rana babura masu ƙafa huɗu ke ta ruri, da dare kuma injin wuta da kiɗan da ake yi wa baƙi. Ƙura ta rufe taurarin. Aka kawo abinci mai rai da lafiya, na zauna a tebur ni kaɗai kamar maye, ba wanda zan ce wa bismillah. Magariba da Isha'i ni ne liman ni ne mamu.

Can tsakar dare sanyi ya sauko, irin wanda hunturunmu ba ya kama ƙafarsa, zazzaɓi ya rufe ni. Waya ba ta shiga, kuma ba wanda ya san inda nake. Wallahi a nan ne na tuna cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tsoratar da mu game da tafiyar mutum shi kaɗai da dare, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya yi umurni idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Hadisan da ni da kaina nake karantar da 'yan aji biyar!

Da asuba wani saurayi mai kiwon raƙuma ya ji tarina, ya leƙo. Ya ja ni bayan sansanin, zuwa wani tsohon tanti na gashi inda ma'aikata ke kwana, ya lulluɓe ni da bargonsa, ya ba ni shayi mai na'ana'a, muka yi sallar Asuba mu huɗu a kan rairayi. Ka ji abin da ya fi komi daɗi a tafiyar, kuma ko dirhami ban biya ba.

A hanyar komowa na tsaya a garin Risani, inda kufan tsohon birnin Sijilmasa yake. Daga nan ne Ibn Baɗuɗa ya tashi a shekarar 1352 zuwa daular Mali, kuma duk da shahararsa wajen yawon duniya, ayari ya bi. Sai da suka yi kwana 25 kafin su isa Tagaza, garin gishiri. Ya ba da labarin wani mutum da ya yi saɓani da ɗan'uwansa, ya ja baya ya bar ayari, ya ɓace cikin sahara, ba a sake ganinsa ba. Haka nan fatakenmu masu zuwa Gwanja sayen goro, madugu suke bi. Su ba su san daɗin kaɗaici ba ne? A'a, sun dai san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Watakila ka ce: to Malam, ai Annabi ma ya keɓanta a kogon Hira. Haka ne. Amma da ɗan guzuri ya tafi don bauta, kuma Nana Khadija ta san inda yake. Ni kuwa gado na je nema, da hoton da zan nuna wa mutane. Niyya ce ta raba mu. Kuma kada ka ɗauka ina haramta yawon buɗe ido ne, domin Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa don lura da ikon Allah. Abin da ya hana shi ne almubazzaranci, duba Suratul Isra'i aya ta 26 da 27.

Saboda haka ga nasihata. Ku 'yan makaranta, hoton da kuke gani a waya ba ya nuna sanyi, ba ya nuna ƙara, ba ya nuna kewa, don haka kada ku raina gidajenku saboda shi. Kuma duk inda za ku, ko da bayan gari ne, ku nemi izinin iyaye, ku tafi da aboki nagari. Ku kuma iyaye, idan Allah Ya hore muku abin hutu, ku fara sauke haƙƙin da ke wuyanku, sa'an nan ku tafi da iyalinku ko da kusa ne, domin ƙosai da aka ci tare ya fi rago da aka ci a ɓoye. Ni dai sai da na ci bashi kafin na gyara rufin nan, kuma da na ba Inna labari, cewa kawai ta yi: "Da ka tafi da ƙanenka, ai da ya lulluɓe ka."

Allah Ya haɗa mu da abokai nagari, Ya tsare mu daga son zuciya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.